Wai me kuke nufi da "masculine" ɗin nan?

Rubutun nan da tsawo, na faɗa muku tun yanzu. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya bari sai dare in an shiga garaɓasa.

Sati uku ke nan ina haɗiye maganar nan, yau dai ta ƙi haɗiyuwa.

Akwai wani ɗan garinmu Sunkani da muke ɗaki ɗaya a hostal, a makarantarmu nan Jalingo. Ba zan kama suna ba, waɗanda suka sani sun sani. Mu shida ne a ɗakin, kuma shi ke mana girki. Ba ɗora masa muka yi ba. Mu ne dai in muka dafa taliya sai ta koma kunu, shi kuwa in ya ɗora tuwon masara da miyar kuka har 'yan ɗakin ƙarshe sai sun leƙo da cokali a aljihu wai sun zo aron caja. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙaramar sakandare. Shi ne babba, ƙanne huɗu a bayansa, babansu kullum yana gona ko kasuwa. A gaban murhu ya girma, dole ce ta koya masa.

Ran nan wani daga ɗakin maƙwabta ya ɗauke shi bidiyo yana tuƙa tuwo, ya ɗaura tawul a ƙugu, gumi na zuba. Ya jefa a guruf ɗin ajinmu na WhatsApp, ya rubuta da Turanci cewa wannan ba "masculine" ba ne, wai maza sun ƙare. Aka yi ta dariya. Aka fara kiransa Hajiya, aka koma uwar ɗaki, daga nan aka kai ga kalmar nan da kun sani, ba sai na rubuta ba. Ni ma na danna alamar dariya. Na faɗa ne don kada wani ya ce na zo wanke kaina. Da tuwonsa a cikina na danna.

Bai ce wa kowa uffan ba. Ranar Juma'a bayan masallaci ya naɗe katifarsa, ya ɗauki risho da tukwanensa biyu, ya koma gida. Yanzu daga Sunkani yake zuwa lakca kullum, da kuɗin motar da kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Lakcar ƙarfe takwas ta ranar Litinin ta wuce shi sau biyu, ɗaya a ciki an yi gwaji. Maki goma sun tafi saboda kalma ɗaya da wanda ya rubuta ta ma sai da waya ta gyara masa haruffanta.

To ni Turanci nake karantawa, kuma wannan kalmar na sha ta a aji tun shekarar farko. Bari mu kwance ta a gani, ko akwai inda ta hana namiji riƙe muciya.

Kalmar ba ta Ingilishi ba ce tun asali, aro ce. Ta shigo musu a ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga Latin. A Latin "mas" shi ne namiji. Daga shi aka samu "masculus", wanda siga ce ta ƙanƙantawa, kamar mu ce ɗan namiji. Daga nan "masculinus" ta fito. Wato kalmar da kuke buga ƙirji da ita, in aka bi salsalarta, daga ɗan ƙaramin namiji ta taso. Wannan ba hujja ba ce, na dai faɗa ne don na ji daɗi.

Hujjar ga ta. Ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukan kalmar a Turanci aikin nahawu ne. Lakabi ce da malaman harshe ke liƙa wa rukunin sunaye, su ce wannan suna jinsin namiji ne, wancan na mace. Kuma rabon ba ruwansa da gemu ko ƙwanji. A tsohon Ingilishi, wanda ake yi shekara dubu da suka wuce, kalmar "wifmann", wadda ita ce ta zama "woman" ta yau, jinsin namiji ce a nahawu. E, kalmar mace ita kanta "masculine" ce. Kalmar "wif" kuwa, kakar "wife", ba namiji ba mace, tsaka-tsaki ce. Daga baya Ingilishi ya watsar da tsarin gaba ɗaya, ya bar ɗan ɓurɓushi a wakilan suna, shi da ita.

'Yan adabi kuma da tasu ma'anar. In baitin waƙar Turanci ya ƙare da gaɓar da ake dannawa, sai su kira ƙarshen nan "masculine", in ya ƙare da gaɓa mai laushi su kira shi "feminine". Daga waƙar Faransanci suka ɗauko wannan. Masu sayar da turare ma suna da tasu, su rubuta a kwalba wai ƙamshin maza, alhali mu nan maigida da uwargida kwalbar turare ɗaya suke shafawa ran Juma'a. Sai ma'anar da kuka sani, halaye da kamannin da jama'a suka saba jingina wa maza. Ku duba kowane ƙamus, za ku ga da irin wannan lafazin ake bayaninta: abin da aka saba, abin da al'ada ta ɗauka. Rahoto take bayarwa a kan abin da wasu mutane suke gani a wani wuri a wani zamani. Ba doka take kafawa ba. Kuma wurin da zamanin suna sauyawa. Sarkin Faransa Luwi na 14, wanda ya yi shekara 72 a kan gado, takalmi mai tsinin dunduniya yake sawa, ja ma kuwa, da gashin kanti har kafaɗa. Da a guruf ɗinmu aka sa hotonsa da ya sha suna.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu masu jin Hausa bai kamata a yi mana wannan wayon ba, don mu harshenmu bai watsar da jinsi ba. Kullum a bakinmu yake. Ku gwada da kanku. Muna cewa mazantakarsa, ba mazantakansa ba. Mazantaka mace ce a nahawun Hausa. Jarumta mace. Bindiga mace, wuƙa mace, kokawa mace, sarauta mace. Babbar rigar da kake sawa ran Sallah kana baza hannu, ji sunanta da kyau, babbar ce ba babban ba. Hular kanka ma mace ce.

Yanzu juyo ɗaya gefen. Tsoro namiji ne. Kuka namiji ne, kukan yaro muke cewa, kukar da take mace ita ce ta miya. Girki namiji, raino namiji, zane namiji, ɗankwali namiji, lalle namiji. Cikin da mace ke ɗauka wata tara namiji ne. Nonon uwa, wallahi, namiji ne. In da jinsin kalma ke raba aiki, da abokina ne kaɗai ya yi aikin maza a hostal ɗin nan, mu masu taƙama da mazantaka mun ɓuge da ta mata.

Na san wani zai ce haba malam, ai kowa ya san nahawu daban, hali daban. Madalla, abin da nake so ka faɗa ke nan. Ka yarda da bakinka cewa kalma ɗaya tana ɗauke da ma'anoni da dama, kuma mutane ne suke zuba mata su. Saura ka gaya mini wa ya zuba mata wadda ka ɗauko, kuma me ya ci da ita.

Kafin nan bari in ba ku labarin kakata. Bafulatana ce, a Sunkani ta tsufa, Hausarta irin ta tsofaffinmu ce na ƙasar Muri. Takan ce da ni, "Hammanka ta dawo?" ko ta ce, "Addarka ya tafi rafi." Muna yara mu yi ta ƙyalƙyala. Sai da na zo jami'a na gane ba kuskure take yi ba, harshenta take fassarawa. Fulfulde ba ya raba sunaye gida biyu, namiji da mace. Rukunoni ne da shi sama da ashirin, na mutane daban, na ruwa-ruwa daban, na ƙananan abubuwa daban, kuma "o" ɗaya ce ake cewa ko namiji ko mace. Duk da haka wa zai ce Fulani ba su san namiji ba? Su ne fa masu sharo.

Kuma sharon nan ku tsaya ku kalle shi da kyau. Wa ake yi wa guɗa a fili? Ba mai bulala ba. Wanda ya ɗaga hannu ya buɗe haƙarƙari, aka zabga masa, bai motsa ba, har ya duba madubi yana murmushi, shi ne gwanin. Jarumtar tana wajen wanda ya ɗauki zafi, ba wajen wanda ya ba da shi ba. A pulaaku akwai ngorgu, wato mazantaka, amma ba ta tafiya ita kaɗai. Tana tare da munyal, haƙuri, da semteende, kunya, da hakkillo, hankali. Yaron da ya ɗauki bidiyon wanda ya ciyar da shi ya watsa wa duniya, ku gaya mini wanne yake da shi a cikin huɗun nan.

To daga ina sabuwar ma'anar ta zo mana? Daga waya. Shekara uku huɗu da suka wuce ba na jin wannan kalmar a bakin kowa sai a ajin nahawu. Yanzu kowane sitatus ita ce, ita da ƙanwarta "alpha male". Mutum ya ɗaure fuska a hoto, ya sa baƙin gilashi, ya rubuta cewa shi alfa ne, ba ya bin mace, ba ya ba da haƙuri, ba ya bayyana damuwa.

Wannan alfa ɗin labarinsa abin dariya ne. Daga nazarin kyarketai aka samo shi. A 1947 wani masani, Rudolph Schenkel, ya wallafa abin da ya gani a gidan ajiye namun daji na Basel a ƙasar Suwizalan, inda aka tara kyarketan da ba su haɗa dangi ba aka kulle su a keji ɗaya. Suka yi ta faɗa, mai ƙarfi ya hau kai. Wani Ba'amurke, David Mech, ya yaɗa wannan fahimtar a littafinsa na 1970, littafin ya karɓu sosai. Sai shi Mech ɗin ya tafi ya yi shekaru yana kallon kyarketai a dajinsu, a tsibirin Ellesmere can arewacin Kanada. A 1999 ya fito ya rubuta cewa abin ba haka yake ba. Garken kyarkeci a daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Wanda ake kira alfa uba ne, kuma babban aikinsa in an haihu shi ne ya yi farauta ya kawo wa uwar da 'yan jariran abinci har bakin rami. Mutumin ya yi ta roƙon masu ɗab'i su daina buga tsohon littafin nasa.

Kun ji. Halin dabbar da aka kulle a keji ne kuke kwaikwayo. Alfan daji kuwa, na gaske, shi ne mai ciyar da ƙanana. A duk ajinmu mutum ɗaya na sani da ya yi wannan aikin tun yana shekara goma sha uku, shi ne kuka kora.

Kuma masu tallar kalmar ba sadaka suke yi ba. Andrew Tate, wanda rabin ɗakunan hostal ke kallon guntayen bidiyonsa, makarantar intanet ya buɗe ana biyan kusan dala 50 a wata. Sai ya fara sa maka shakka a kan kanka, sannan ya sayar maka da magani. A watan Agustan 2022 Facebook da Instagram da TikTok da YouTube suka rufe shafukansa saboda kalamansa a kan mata. A Disambar shekarar aka kama shi a Romaniya bisa zargin safarar mutane, zargin da ya musanta. Na san abin da za a ce mini, ai ya musulunta. E, ya sanar da haka a 2022, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba ni da ta cewa. Amma shiga Musulunci ba ta mai da mutum malaminmu na tarbiyya rana ɗaya ba. Kuma duk wanda ya zauna a islamiyya ko na shekara biyu ne ya ji cewa Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida, yana ɗinke tufarsa da hannunsa. 'Yan uwanmu Kirista da muke aji ɗaya, ku ma kun san wanda ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Tawul fa, irin na bidiyon.

Har shi mai Facebook ɗin, Mark Zuckerberg, a Janairun 2025 ya zauna a shirin Joe Rogan yana cewa kamfanoni na buƙatar ƙarin "masculine energy". Rigimarsu ce ta can, ta ofisoshin Amurka da siyasarsu. Mu da muke rabon gari da sukari a ɗaki ɗaya, me ya kai mu ɗaukar musu kaya?

Da ma a ce ba mu da namu kalmomin ne. Dubi yadda Hausa ke juya kalmar namiji. Namijin ƙoƙari, shi ne ƙoƙarin da ya wuce misali, kuma mace ma tana yin sa. Marigayiya Aisha Alhassan, Mama Taraba, ta tsaya takarar gwamna a jihar nan a 2015, kotun sauraron ƙarar zaɓe ta ba ta nasara kafin kotunan sama su soke. Ko wanda bai zaɓe ta ba, in ka ce ta yi namijin ƙoƙari ba zai ce ka yi ɓatan Hausa ba. Akwai namijin goro, mai ɗaci, wanda tsofaffi ke taunawa don tari. Ana cewa namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa, wato ba a gane shi a hoto. Kuma da Bature Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa, ya zauna nazarin wane ne cikakken mutum a wajen Bahaushe, a ɗan littafinsa na 1974, ba a kan ƙarfi ya tsaya ba. A kan mutumin kirki ya tsaya, mai gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci. Karamci, jama'a. Ciyar da baƙo.

Ku fita bakin get ku duba ma. Wa ke soya muku ƙwai da indomi da tsakar dare? Mai shayi, namiji. Wa ke gasa tsire da balangu? Namiji. Wa ke wanki da guga a unguwa? Namiji. Masu zaman ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga da allura da zare, maza ne tun kaka da kakanni. Je kasuwar shanu ta Iware ka ga dattawa da kwalli rangaɗau a ido suna cinikin bijimi. A Nijar samarin Woɗaaɓe su ke shafa fuska da kwalliya su jera a gerewol, 'yan mata su zaɓa. Mu nan abokai biyu maza suna tafiya riƙe da hannun juna ba wanda zai waiwaya, abin da Ba'amurken da kuke kwaikwayo ba zai iya ba. Wanne ne "masculine" a ciki, wanne ne ba shi ba? Wa ya riƙe ma'aunin?

Ba zan yi muku ƙarya in ce namu duka zuma ba ne. Tun kafin waya ta zo muna da namu ciwon. Mu ne muke ce wa yaro ɗan shekara biyar namiji ba ya kuka. Mu ne muka yarda namiji ya soya ƙwai a titi amma in ya tuƙa tuwo a gida mu sa masa suna. Sunan da aka kira abokina da shi a ƙarshe ba daga Amurka ya zo ba, namu ne na gida. Abin da kalmar Turancin ta yi shi ne ta ɗauki wannan tsohon ciwon ta sa masa kwat da taye. Da in ka yi wa mutum irin wannan gorin, wani babba zai ce kai, ba kyau. Yanzu in ka yi shi da Turanci sai ka ji kamar ilimi kake yi. Ta kuma yar da abin da tsofaffinmu suka haɗa da mazantaka, ɗaukar nauyi da kunya da sauke haƙƙi, ta bar mana ɗaure fuska kawai.

Kuma ba kan girki abin ya tsaya ba, kun fi ni sani. Da wannan kalmar aka hana wata yarinya da ta fi mu duka maki jagorantar guruf ɗin aikinmu na samistar da ta wuce, wai namiji ba ya bin umarnin mace. Muka naɗa alfa, muka samu C. Da ita ne mutum zai ga kari-oba biyu a allo ya kasa gaya wa ko abokin ɗakinsa, ya kulle kansa. Wasu daga nan suke fara neman abin da zai sa su barci. An hana maganin tari mai kodin a ƙasar nan tun Mayun 2018, amma kada mu yi kamar ba mu san abin da ke yawo a wasu ɗakuna ba. Wanda aka koya wa cewa faɗin damuwa raini ne, kwalba ce kaɗai ba za ta yi masa dariya ba.

Kai da ka ɗauki bidiyon, na san za ka karanta wannan. Ba na neman a yi maka taron dangi, kuma duk wanda ya kama sunanka a kan rubutuna bai taimake ni ba. Mu sama da talatin muka yi dariyar, laifin ya ishe mu rabawa. Abu biyu nake nema. Ka goge bidiyon a inda ka sa shi, ka kuma rubuta ban haƙuri a wurin, da Hausa, yadda kowa zai gane. In alfancin ya hana ka, ka zo mu tafi tare.

Ni na riga na je. Asabar da ta wuce na shiga mota na sauka Sunkani, ban ma fara biyawa gidanmu ba. Na same shi a tsakar gida yana yanka kuɓewa, ƙaramar ƙanwarsu na zaune kusa da shi da littafin lissafi yana duba mata. Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na ce, "Mutumina, na yi maka laifi, ka yafe mini." Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka ci abinci?" Na ce a'a. Ya ce da yarinyar, "Ɗauko wa hammanki kwano."

Na ci, na ƙara. Da zan tafi na tambaye shi ko zai dawo hostal. Ya ce zai duba bayan jarrabawa. Gadonsa dai yana nan, mun hana kowa ɗora kaya a kai. Ranar Litinin akwai lakcar ƙarfe takwas, mu biyar ɗin mun haɗa masa kuɗin mota na sati biyu, har yanzu muna gardamar wanda zai iya miƙa masa ba tare da ya dawo mana da shi ba.